Ƙullin Direba

Jiya a tashar Gwarzo na ga wata tsohuwa tana kwance ƙullin bakin mayafinta da haƙori, sai marigayiya kakata ta faɗo mini a rai, har na yi dariya ni kaɗai.

Ita in za ta yi tafiya, tun kafin ta sa takalmi take ƙulle kuɗin motar dawowa a bakin mayafi. Ƙullin nan har suna ta sa masa, wai "direba". Takan ce, "Ba nawa ba ne, ajiya aka ba ni."

Shekarar da na ɗauki adashi, ita ta raka ni Kano sayen keken ɗinki. Kuɗina suka gaza kaɗan. Na riƙe hannunta na ce, "Inna, ki kwance direba mu cika."

Ta harare ni. "Keken ne zai goya mu zuwa Gwarzo?"

Ta ja ni muka juya, idona taf da hawaye. Ba mu kai bakin layi ba mai shagon ya ƙwala kira: "Hajiya, dawo, na sallama!"

A mota muka buɗe dambun zogalen da ta yo mana guzuri, ƙamshin man gyaɗa ya cika ko'ina. Ta kwance ƙullin ta miƙa wa kwandasta tana dariya: "Ungo ajiyarka."

Har yau da keken nan nake rufa wa kaina asiri.

Inna, kin yi tafiyar da ba a ƙulla wa kuɗin dawowa. Allah ya sa guzurin da kika ƙulla ya kai ki Aljanna.