Malam Mudathir, Maginin da Ya Ɗinke Rufin Cocin Maƙwabta

Da an sallame sallar asuba, Malam Mudathir zai ɗora bokitai da tsani a bayan tsohuwar motarsa ya bar unguwarmu ta Takoma Park, a nan Amurka. Farar ƙasa yake kwaɓa yaɓensa da ita, ba ya yarda da siminti a jikin tsohon gini. "Siminti na shaƙe bango," in ji shi.

Mutumin Damagaram ne, ɗan gidan magina. Neman abinci ya kai shi Sifen yana saurayi, ya samu aikin lebura a garin Teruel, inda ake gyaran tsofaffin coci-coci. Ranar da ya fara ɗaga kai ya kalli wata hasumiya ta jan bulo, an yi mata ado da tangaran kore da fari, sai ya ce wa shugaban aikin ai wannan hasumiyar masallaci ce. Mutumin ya yi dariya ya ce ta coci ce, amma Musulmin garin ne suka gina ta ɗaruruwan shekaru da suka wuce. A can ya koyi gyaran ginin bakan gizo da rufin katako mai zanen taurari, ya kuma iya Sifaniyanci, kafin ya zo Amurka da matarsa Hajiya Kaltume.

Lokacin girgizar ƙasar 2011, wani ƙaramin coci a unguwarmu, ginin salon Sifen, ya tsage daga bakan ƙofa har rufi. Aka rufe shi. Masu ibada a ciki yawancinsu 'yan ƙasar Salbado ne masu aikin shara da gini. Wata dattijuwarsu, Pauline, ta same shi tana kuka, ta ce a nan aka yi wa mijinta addu'ar ƙarshe, ga shi ana zancen rushewa.

Ya karɓi aikin. A harabar masallaci, ina tsaye, wani ɗan'uwanmu, Alhaji Dabo, ya tare shi.

"Malam, coci fa? Da hannun da kake alwala?"

"Alhaji, maƙwabtana ne. Rufi zai faɗo wa tsofaffi da yara, ni kuma na san yadda ake riƙe shi."

Alhaji Dabo bai gamsu ba, Malam kuma ya kama aikinsa. Damina da sanyi suka wuce yana kan tsani, yana cire bulo ɗaya bayan ɗaya yana mayarwa. In azahar ta yi, ya sauko ya shimfiɗa dardumarsa a gindin bishiya, su Pauline su hana kowa giftawa. Da ya gama aka buɗe cocin, har jikar Pauline aka ɗaura wa aure a ciki.

Bara Hajiya Kaltume ta kwanta asibiti a garin Largo. Matan cocin suka raba kwanaki a tsakaninsu suna kai abinci, sai da suka tambayo shagon da ake sayar da naman halal.

Watan jiya kafaɗa ta hana shi hawa tsani, ya ajiye aiki. Malam, kai ne ka nuna mana maƙwabtaka da hannunka, ba ka taɓa tara mu ka yi mana jawabi ba. Mun gode, Allah Ya saka da alheri, Ya ba Hajiya lafiya. Mu kuma da muka iya wata sana'a, mu leƙa gidan da ke jikin namu mu tambaya ko akwai abin da ya lalace.