Maƙera a Cikin Darbejiyar Gwaggo

Shekarar da soja suka yarda za su koma bariki, ita ce shekarar da masaƙar da nake wa aiki a Kano ta sallame mu. Na dawo Wudil da mata da 'ya'ya, na haura arba'in, ba abin da na iya sai tsayuwa a gaban inji. Gidanmu gidan ƙira ne, amma na ajiye masaba tun ina saurayi. Yayana ne ya gaji maƙerar babanmu a cikin gari, shi da 'ya'yansa sun cika rumfar, ko wurin tsuguno babu. Bai ƙi ni ba. Ya shiga ɗaki ya jawo tsohuwar uwar maƙera, ƙarfen nan da ake ɗora aiki a kai a daka, ya haɗa mini da masaba da awartaki, ya ce in nemi wuri kawai.

Wurin ne ya gagara. Duk inda na tambaya a gari, sai a ce hayaƙi da ƙarar dukan ƙarfe za su dami makwabta. Daga ƙarshe na tuna da Gwaggo, ƙanwar babanmu, wadda aure ya kai wani ƙauye a hanyar Darki. Kafin mijinta ya rasu, ya dasa darbejiya a wata gona da ƙasarta ta gaji, ya bar tsamiya da marken da ya tarar a ciki. Itatuwan suka girma suka haɗe kai, tsakar rana ma sai ka ga duhu-duhu a ƙarƙashinsu. 'Ya'yanta duk sun yi aure nesa, ita kaɗai ke kula da wurin.

Na same ta tana sussukar wake. Muka daɗe muna gaisawa, ta tambayi kowa da kowa, sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Ta ajiye taɓaryar da ke hannunta ta dube ni.

"Ɗan nan, wuta za ka kawo mini cikin itace?"

Na ce, "Gwaggo, ƙaramar wuta ce, kin san ta."

"Na san ta, shi ya sa nake tambaya."

Jin haka na fara neman takalmina. Can ta ce na je na zaɓi fili a gefen da masu zuwa kasuwa ke ratsawa, amma kada na sari reshe ko ɗaya mai rai, kuma kullum sai ta ga na kashe wutar da idonta kafin na tafi.

Ban taɓa sanin share ƙasa aiki ne ba sai a wurin nan. Busasshen ganyen darbejiya ya yi shekaru yana taruwa, na kwashe na kwashe, iska ta dawo da shi. Da na zo haƙa ramin da zan binne kututturen da uwar maƙera za ta zauna a kai, duk inda na sa diga sai saiwa. Gwaggo ta hana a yanke, sai na matsa gaba, na sake haƙa, na sake cin karo da wata. Bazara ce, zafi kamar a cire fata. Tafin hannuna ya yi ƙuraje, suka fashe, na ɗaure da tsumma na ci gaba. Rumfar kuwa da kara na yi ta, da azarar da na ɗauko a keke tun daga Wudil, ina tura keken a cikin yashi, itatuwa sun kewaye ni ta ko'ina amma ba wanda zan taɓa. Gawayi ma haka. Na itacen kirya ƙira ke so, shi ke riƙe wuta, sai na jira ranar Juma'a na ɗauko a kasuwa.

Bakin wutar da na gina da yumɓu ya tsage tun ranar farko, don ban bari ya bushe sosai ba. Na rushe na sake. Fartanyar da na fara ƙerawa ta fito a karkace, ta biyu ta dare a wajen kunne. Idona ya san yadda aikin ya kamata ya fito, amma kafaɗata ta ƙi bin umarni. Ga shi ba mai yi mini zuga. In na saki zugazugi na ɗauki masaba, kafin na yi 'yan duka ƙarfen ya huce.

Gwaggo takan zo da hantsi da tabarmarta da bokitin ruwa, ta zauna nesa kaɗan tana bin kowane tartsatsi da ido. Wata rana ta gaji da kallona, ta taso ta zauna a bayan zugazugin, ta naɗe zanenta, ta kama fatun biyu.

Na ce, "Gwaggo, ki bari, za ki ji ciwo."

Ta ce, "Ni na yi wa ubanka zuga kafin a yi mini aure. Kai dai kula da ƙarfenka."

Hannunta ya fi nawa sanin aikin. Dama, hagu, dama, hagu, wutar ta tashi fara. Daga ranar muka zama mu biyu, tsohuwa da wanda ya kama hanyar tsufa, in mun yi aiki kaɗan sai mu jingina da itace muna haki.

Ciniki kuwa babu. Masu wucewa su yi sallama, su ce Allah ya ba da sa'a, su wuce. Ana cikin haka, ana ta shirin rantsar da sababbin shugabanni, sai ga wata a-kori-kura manne da hotunan 'yan takara ta tsaya a bakin hanya. Wani mutum mai babbar riga ya sauko, ya ratso itatuwa yana kakkaɓe ganye daga hularsa. Ya gaishe mu da ladabi. Ya ce an gaya masa akwai maƙeri a nan, kuma wurin ya yi masa, babu idon jama'a. Yana son gajerun wuƙaƙe da barandami masu yawa, na samarin da za su riƙa raka maigidansa. Ƙarfe ma shi zai kawo.

Ina tunanin tukunyar gidana. Gwaggo ce ta saki zugazugi, wutar ta kwanta.

Ta ce, "Alhaji, nan fartanya ake yi da lauje."

Ya yi murmushi ya ce, "Iya, ai da maƙerin nake magana."

"Maƙerin a gonata yake zaune. In ya koma tasa, ka bi shi can."

Mutumin ya dube ni yana jiran na yi magana. Na sunkuyar da kai ina juya gawayi da awartaki. Ya yi sallama ya tafi, ba faɗa ba zagi, na kuma ji daga baya ya samu wanda ya yi masa a wani gari. Ranar ba mu ƙara aiki ba. Na yi kwanaki ina gaishe ta a taƙaice, ita ma ba ta tayar da zancen ba. Ba wai ina ganin ta yi kuskure ba ne, gajiya ce kawai ta yi mini yawa, har gaskiya ma nauyi take yi mini.

Ruwan farko ya sauka ya jiƙa mini gawayi, rumfar karan ta yi ta yoyo. Amma shi ya kawo mutane. Manoman Darki da na ƙauyukan kusa suka fara ɓullowa ta cikin itatuwa da tsofaffin kayan aiki: sungumin da ya dakushe, garmar da bakinta ya cinye, fartanyar da ta fita daga ƙota. Ba mai son sabo, kowa gyara yake so, yawancinsu kuma sai kaka za su sallame ni da hatsi. Ranar da aka miƙa mulki, wani dattijo ya zo da rediyonsa a rataye, muka saurari bikin ina daddale masa garma. Da aka gama jawabi ya kashe rediyon, ya ce in ƙara wa bakin kaifi, ƙasar gonarsa tauri gare ta.

Kafin kaka hannun Gwaggo ya fara kumbura, ta daina zuga. Na haɗa wata 'yar fanka da ƙafar keke, ina juyawa da hagu ina riƙe awartaki da dama. Na yi shekaru a wurin, ba mu yi arziki ba, ba mu kuma kwana da yunwa ba. Da la'asar nakan tura keken zuwa titi don ba ni da ƙarfin hawa a yashi. In na isa gida matata ta riga ta ɗora ruwan zafi, ta gasa mini kafaɗa da tsumma, sau da yawa barci ya ɗauke ni a zaune kafin a kawo tuwo.