Masar Farko Daga Tandar Kaka

Duk safiyar da keke ya ratsa da ni ta Gwallameji, ƙamshin masa ya bugi hancina, sai in bi masu tanda da kallo. Ba yunwa ba ce. Kakata nake tunawa.

A hannunta na tashi, a gidanmu na cikin gari. Ni 'yar fari ce, kun kuwa san yadda abin yake: mahaifiyata ba ta kiran sunana, ba ta zama hira da ni, kunya ta hana. Kaka ce uwata, ita ce abokiyar wasana. Masa take yi, unguwa kaf ta san hannunta. Ƙa'idarta ɗaya ce: masar farko da ta fito daga tanda ba ta sayarwa ba ce, tawa ce. "Ƙawata, zo ki ɗanɗana mini," haka take cewa. Sai na ce ta yi, sannan a fara sallamar masu jira.

Shekarar da na shiga babbar sakandare aka yi bikin 'yar gwaggona. Wajen gwada anko rigata ta ƙi shiga, gwaggo ta ce, "Ina za ta shiga, ta cinye ribar tanda!" Aka kwashe da dariya, har da ni. Wasa take yi, na sani. Amma maganar ta biyo ni gida ta zauna.

Daga nan abinci ya zame mini abin tsoro. Na fake da azumin Litinin da Alhamis, ana ta sa mini albarka. Sauran ranaku in ce cikina ne. Kafin damina ta ɗauke, zane ya daina zama a ƙuguna, in na miƙe daga sallah sai na dafa bango. Kaka ta jiƙa mini sassaƙe, ta karɓo rubutu, shiru.

Na so in faɗa mata, wallahi na so. Wata la'asar tana wanke shinkafar ƙullu na zauna kusa da ita na ce, "Kaka." Ta ce, "Na'am, ƙawata." To me zan ce? Matar da in ƙwayar shinkafa ta faɗi sai ta sunkuya ta tsince, don ni'imar Allah ce, ita zan gaya wa ina tsoron abinci? Abin ba shi da suna a bakinmu. In ba a ce iska ba, a ce butulci. Na ce, "Ba komai."

Ita kuwa ta yanke nata hukuncin: tsufa ne ya lalata mata hannu. Ta canza shinkafa, ta rage tsami, ta ƙara sukari. Kullum ta miƙo mini masar farko tana kallon bakina, ni kuma in gutsura in ajiye. Ran nan ta kife tandar a bayan ɗaki. Maƙwabta suka yi ta roƙo, ta ce, "Yarinyar nan ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Abin da ta ƙi ba zan sayar wa mutane ba." Ina daga cikin ɗaki ina jin ta, ina kuka, ban fito ba.

Ina karatu a jami'a a Gubi ta rasu. Bayan nan ne wata likita ta saurare ni har ƙarshe, ta ce ciwo ne, ba ni kaɗai ba ce, kuma ana warkewa. Na warke a hankali. Amma wadda na fi so ta ji wannan bayani ta riga ta tafi da tunanin laifin hannunta ne.

Yanzu yara sun san sunan ciwon, sai dai ban tabbata faɗarsa ta yi musu sauƙi ba. Shi ya sa nake kiran 'yar farina da sunanta, in zauna hira da ita, dangi na cewa ba ni da kunya. Su faɗa.

Tandar Kaka tana wurina. Ran Asabar nakan ɗora ta. Masar farko ni nake cinyewa, a tsaye, da zafinta, in ce, "Ta yi, Kaka."