Datti Mai Feshin Shanshani, Ka Riga Tsohuwarka

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga Mayu, 1978, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran jikana Datti mai feshi, bayan tarin da ya daɗe yana cin ƙirjinsa. Ni Tabawa, kakarsa, ni ce na saura ina rubutu da ɗan bokon yaƙi da jahilci.

Datti, maigidana na wasa, wannan ba tsari ba ne. Kai ka ce za ka yanko mini likkafani, har kana cewa mai araha za ka saya don ban iya tuwo ba.

Duk unguwarmu ta Rikkos an san ka da tankin feshi a baya. Gidajenmu a gindin duwatsu suke, da ruwan farko ya sauka sai shanshani ya fito, manya, jajayen ƙafa, wani ya kai tafin hannu har ya wuce. Kai kake bin bayan ɗaki kana ɗaga duwatsu, ka janye itacen girki daga jikin bango, ka toshe tsaga da siminti, sannan ka fesa magani. Ranar da ɗaya ya shige zanen goyon jaririyar Roseline maƙwabciyata, uwar ta daskare, kai ka sa hannu ka fizgo shi. Ya harbe ka, hannun ya kumbura kamar tulu. Na ce Allah ya ƙara, mai maganin abu ya sha kashi. Ka ce, "Tsohuwa, ai dafin bakinki ya fi nasa."

Na sha ce maka ka ɗaure hanci da ƙyalle in kana feshi. Ka ce, "Ba kya so a ga kyan mijinki ne."

Tun da gwiwoyina suka ƙi lanƙwasuwa, mahaifiyarka Maimunatu take so ta kwashe ni zuwa gidanta a unguwar Gangare. Ni kuwa a ɗakin nan kakanka ya ajiye ni tun zamanin haƙar kuza. Kai ka tsaya mini. Ka ce muddin kana leƙa ƙarƙashin gadona kana kakkaɓe mini takalmi, ba mai taɓa ni, shanshani ko mutum.

To, ga damina ta kankama. Bayan sadakar bakwai sai ga abokin aikinka Badung da tankinka. Ya durƙusa ya ce da 'yar Hausarsa, "Mama, kar ka damu, ni zan riƙa zuwa." Ya yi aiki tsaf, ba abin kushewa. Na tsokane shi, na ce feshin nasa ko sauro ba zai kashe ba. Sai yaron nan ya sunkuyar da kai ya ce, "Yi haƙuri, Mama."

Haƙuri! Na zauna ina jiran a rama, ba a rama ba.

Jiya na aika wa Maimunatu ta zo da mota. Ɗakin fes yake, ko kiyashi babu. Amma na gaji, Datti. Ashe ba feshin ne ya zaunar da ni ba.

Allah ya jiƙanka, ya yalwata maka kabari, ya tsare maka shi daga duk abin da ke cizo, yadda ka tsare ɗakunan mutane. Hassana matarka da Maimunatu, Allah ya sanyaya zukatanku, ya raya abin da ya bari. Ni kuma Allah ya kyautata tawa. Ka tanadi amsa, ina tafe da sauran maganata.