Baƙon da ke cikin na'urar Mai Kunne

Duk wanda ya taɓa ɗaukar waƙa a situdiyon Mai Kunne ya san dokarsa ta farko: kafin ka buɗe baki, sai ka rufe shi. Mawaƙi ya tsaya gaban makirufo, makaɗa su ɗora hannu a cinya, a kashe fanka ko da zufa za ta jiƙa kowa sharkaf. Shi kuma ya ɗaga yatsa ɗaya, ya murɗa na'ura har ƙarshe, ya lumshe ido. Shiru yake ɗauka. Wai sai ya ji abin da ɗakin da na'urar ke faɗi su kaɗai, sannan zai san inda zai ajiye muryar mutum. Wanda tari ya kama a lokacin ya shiga uku, don sai an sake daga farko.

Ba a banza ya sami sunan ba. Tun yana gyaran rediyo a bakin titi, daga tsallaken hanya yake gaya wa mai tahowa abin da ke damun rediyonsa. Daga baya wata tasha ta sabunta kaya, ta yar da tsohuwar na'urarta mai girman akwatin tufafi, mai ƙwayaye a ciki kamar na fitila, waɗanda sai sun yi ja sun ɗumama kafin ta yi aiki. Ya kwaso ta, ya mai da ɗakin gaban gidansa situdiyo. Murya in ta bi ta cikinta, sai ta fito da kauri da ɗumi, kai ka ce mutumin na zaune kusa da kai. Saboda ita mawaƙa ke tsallake sababbin wurare su zo gunsa.

To amma tsohuwa ba ta zo ita kaɗai ba, da surutunta ta zo. Akwai ƙugi mai kauri, wannan ya ci galabarsa tuni: ya raba wayoyin wuta da na murya, ya kori firji zuwa can ƙuryar gida, ya kafa ƙarfe a ƙasa bayan ɗaki ya ɗaura masa waya, yana ba shi ruwa kamar dashe. Sai ɗayan, wani siririn sauti, sssss, irin na mai a kasko daga nesa. Wannan ya ƙi tafiya. Shi ya raɗa wa suna Baƙo. Matarsa takan ce baƙon da ya girmi 'yarsu ta fari ai ya zama ɗan gida, a bar shi ya huta mana. Ina! Abokan sana'a sun sha ce masa ya bar kwamfuta ta share shi. Yana da ita, ya kuma gwada, amma ya ce tana haɗawa da jelar kalmomi ta cinye, murya ta koma kamar daga cikin kwalba. Don haka ya ci gaba da yaƙinsa da dalma da sukundireba, har gashinsa ya yi fari.

Wata safiya ya canza wa na'urar ƙwai guda da wani abokinsa ya aiko masa. Ya jira na'ura ta ɗumama, ya murɗa, ya lumshe ido. Tsit. Ya ƙara murɗawa. Tsit. Dattijo guda ya fita tsakar gida ba takalmi yana kiran maman yara ta zo ta ji. Ta zo da kumfar wanki a hannu, ta tsaya bakin ƙofa, ta saurara. Ya ce Baƙo dai ya yi sallama. Ta ce barka, amma idonta na kan tabarmar ƙasa. Murna ba ta bar shi ya kula ba.

A makon wata mawaƙiya ta zo, tsohuwar abokiyar hulɗarsa. Da ya ji muryarta ta ɗan dushe, sai ya ɗaga mata siraran sautuka sama, abin da a da ba ya kuskura ya yi saboda Baƙo. Yanzu tsoron me zai ji? Washegari sai ga ta ta dawo, tana ta kame-kame, tana cewa ba ita ta faɗa ba, mutanen gida ne suka ce kamar ana ruwan sama a bayan waƙar. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya kunna a gabanta, bai ji komai ba sai waƙa tas, ya ce su je su gyara lasifikarsu. Ta ba shi haƙuri ta tafi.

Da ɗakin ya zama nasa shi kaɗai, ya sake murɗa na'ura, amma wannan karon bai lumshe ido ba. Akwai 'yar allura a goshin na'urar da ke motsi in sauti ya wuce. Ga ta nan tana ɓari, daidai inda ta saba ɓari tun zuwan Baƙo. Ya daɗe yana kallonta. Sai abubuwa suka fara dawo masa ɗaya bayan ɗaya: butar shayi da ya ce ta daina fito, jikarsa da yake yi wa faɗa wai tana magana ciki-ciki, tsuntsayen bishiyar ƙofar gida da ya ɗauka ƙaura suka yi. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba.

Ya leƙa ya kira matarsa, a hankali wannan karon.

"Maman yara, tsakaninki da Allah. Yana nan?"

Ta zauna a kujerar mawaƙa, ta goge hannu da gefen zane.

"Yana nan, Malam. Ko'ina bai je ba."

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Rabon da in ga ka yi dariya irin ta ranar nan, na manta. Na kasa."

Bai yi faɗa ba. Ya sa aka kira mawaƙiyar, ya ba ta haƙuri, aka sake ɗauka. Ya je asibiti, aka ba shi abin sawa a kunne, yana taimaka masa wajen hira, amma a situdiyo cirewa yake yi, wai ba zai auna murya da kunnen aro ba.

Har yau dokar na nan, sai dai an ƙara kujera ɗaya kusa da tasa. In ya ɗaga yatsa kowa ya yi tsit, matarsa ce ke lumshe ido, hannunta a kafaɗarsa. Yana murɗawa a hankali, in Baƙo ya ɗaga murya sai ta matsa masa kafaɗar, shi kuma ya tsaya nan. Mawaƙa sun saba, har da masu cewa aikin ya fi na da kyau.

Wani lokaci, in kowa ya watse kafin azahar, yakan bar na'urar a kunne, ya tambayi matarsa yadda Baƙo yake yau. Ta ce yana nan yadda ya san shi. Sai ya gyaɗa kai, ya ce ta ɗan kwaikwaya masa. Takan matso kusa da kunnensa ta yi sssss, shi kuwa yana kallon bakinta.