Faifan Malam Bitrus

Ana sallame sallar asuba muka bar Jos, ni da wani abokin aikina da ya sayi sabuwar mota da ƙarin albashin nan, ko ledar kujeru bai yarda an cire ba. A kanta na yi ta zamewa har Gombe. Shi yawon gwada mota ya fito. Ni kuwa wani faifan garmaho nake nema, wanda da ni aka ɗauke shi amma ban taɓa jin sa ba.

Ga asalinsa. Muna manyan aji a makarantarmu ta Gombe akwai Malam Bitrus, Batangale, tsohon ɗan badujalar soja. Ya zaɓe mu, mu shida, ya koya mana busa ƙahon nan na tagulla mai dogon hannu da ake ja ana turawa, wanda ake kira turambon. Yana da wata waƙa da ya ce a bakin mahaifiyarsa ya tsince ta tana niƙa. Bai taɓa rubuta ta ba. Raba ta ya yi gida shida, ya kai kowa gindin itacensa ya koya masa rabonsa shi kaɗai, in kuwa ya kama ka kana satar na wani ka sha ranƙwashi. Nawa shi ne na ƙasa, mai kauri, kamar kukan sa. Shekarar samun mulkin kai wani Bature mai na'ura ya zo ya ɗauki busarmu a faifai, daga nan muka watse. Malam ya rasu ina nesa. Uku daga cikinmu sun riga mu gidan gaskiya, biyu ko labarinsu ba na ji. Watan jiya na zauna in rera waƙar, sai na tarar ba abin da ya rage a kaina sai rabona, shi kuwa shi kaɗai gurnani ne kawai. Gaskiya na tsorata.

A Bauchi muka karya da masa da miyar taushe. Masar ta ƙanƙance, kuɗinta ya girma, mai tuyar ta ce ai tunda an ƙara wa ma'aikata ita ma ta ƙara wa kanta. Daga nan hanya ta miƙe, lokacin kaka ne, dawa ta sunkuyar da kai hagu da dama, manyan motocin siminti suna bin juna. A Dindima kogi ya cika yana tafiya a hankali, shanu sun jeru a gaɓa. Gyangyaɗi ya riƙa ɗauka ta, in buɗe ido in ga wayar tangaraho tana hawa tana sauka, in rufe in ga yara shida da gajeren wando, kowa da inuwarsa.

Bayan azahar muka shiga gari. Gombe ta yi sabbin kwanuka, har na ɓata a Dawaki inda aka haife ni. A makaranta babu wanda ya san zancen sai tsohon maigadi. Ya ce ƙahonin sun daɗe da tsatsa, amma matar Malam tana nan da rai a Hammadu Kafi, in faifan yana nan to a hannunta yake. Itatuwanmu saura huɗu. Na tsaya gindin tsamiyata na ɗan jima, abokin tafiyata yana ta danna oda.

Kafin mu je sai da muka nemi garmaho, abin da ya fi neman faifan wuya, don kowa ya koma kaset. A Kumbiya-Kumbiya muka dace da wani mai gyaran rediyo, ya zaro mana ɗaya daga ƙarƙashin benci bayan ya kori kazar da ke kwanci a kai. Ya wasa allura biyu, ya rufe shago ya biyo mu, wai ba zai bari jahilai su tsinka masa sifirin ba.

Gidan yana can inda gonaki suka fi gidaje yawa. Tsohuwar tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Na durƙusa na gaishe ta na faɗi sunana, bai yi mata komai ba.

"Cikin masu busan wanne ne kai?"

"Na ƙasan ne, Mama."

"Af, mai kukan sa! Ɗan nan, sai yanzu?"

Kunya ta rufe ni. Ta sa aka kawo mana kindirmo, ta shiga ɗaki ta fito da faifan a naɗe cikin zane. Ta ce sau ɗaya Malam ya saurare shi, ya mayar cikin adaka, bai sake ba.

Mai gyara ya wana garmaho ya ɗora allura. Da farko sai ƙara kamar ana suya. Can sai ƙaho na farko ya taso siriri, na biyu ya bi shi, na uku ya ratsa tsakaninsu. Na gane kowa da busarsa, har wanda kullum yake saurin shiga. La'asar ta yi sanyi, ganyen darbejiya yana zuba a tabarma, na rasa a wace shekara nake. Ina ta jiran inda zan shigo. Wurin ya zo ya wuce, ba ni.

Sai a lokacin na tuna. Ranar ɗaukar, Baturen ya ce busata tana girgiza masa na'ura, ya yi ta matsar da ni baya har bakin ƙofa. Ashe na'urar ba ta jiyo ni ba sam.

"Abin da ya hana Malam sake ji ke nan," in ji Mama. "Cewa ya yi an yi ɗaki ba a yi masa tushe ba. Bai so ka sani ba, kada ranka ya ɓaci."

Na ce a sake sawa. Abokin tafiyata ya kunna sabuwar rikodarsa. Ba ƙaho a hannuna, da baki na yi rabona, hannuna na dama yana ja yana turawa a iska shi kaɗai. Da muka kai tsakiya Mama ta ajiye gyaɗar ta kama rerawa da Tangalanci, kalmomin da ba wanda ya taɓa koya mana. Na ƙarasa da ƙyar, hawaye har haɓa.

Washegari muka juyo, faifan yana adakarsa, kaset yana aljihuna, ban yi gyangyaɗi ko sau ɗaya ba. Da can ina ganin rowa ce ta sa Malam ya hana mu rabon juna. A hanya na fahimci so ya yi kada waƙar ta tashi sai mun nemi juna, mu kuwa muka yi shekaru ba mu nema ba. Na je Gombe neman abin da na manta, na tarar abin da ya ɓata a wurina yake, kuma ba a rubuce yake ko'ina ba. Ina isa gida, ko wanka ban yi ba, na zauna rubuta sanarwar cigiyar mutum biyun nan da suka rage, da zan kai gidan rediyo.