Saniyar Aro Da Ta Kasa Tashi

Aikin duba dabbobi ya koya mini saurin mantuwa, don wanda ke riƙe komai a rai ba ya daɗewa a cikinsa. Amma akwai wata farar saniya a wata ruga kusa da Masama da ta ƙi fita daga raina, kuma na san har in koma ga Allah ba zan manta da ita ba.

Da damina ne, lokacin ina aiki a Gwandu. Wani makiyayi, magidanci mai ƙaramin garke, ya zo ya ce saniyarsa ta zame a taɓon fadama ta kasa tashi. Na hau babur na bi shi. Ina ɗora hannu a ƙugunta na ji ƙashi yana motsi inda bai kamata ba. Karayar ƙugu ce, irin wadda ba ta ɗoruwa a babbar saniya. A makaranta an koya mana allurar da ake yi wa dabba ta yi barci ta wuce, amma a wajenmu wannan mushe ke nan, don haka wuƙa ce rahamar saniya. Na ce masa a yanka ta yau, tun tana da sauran jiki.

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Likita, ba tawa ba ta."

Ashe habbanaye ce, wato saniyar da Bafulatani ke ba ɗan'uwansa da garkensa ya ƙare, ya riƙe ta har ta haifa masa 'yan maruƙa, sannan ya mayar da uwar. Kawunsa ne ya ba shi ita bayan ciwo ya share masa shanu, kuma duk abin da ke garken nan daga cikinta ya fito. Kawun yana can wajen Wurogauri, a ƙasar Kalgo. Na ce to a kira shi mana, ga waya a aljihuna. Ya dube ni kamar na zage shi. "Wagga magana ba a hwaɗinta ta waya. Ka dai yi mata allura, ƙila Allah shi tashe ta."

Na yi mata allurar rage zafi na tafi. Ya sake kirana, na koma. Ya ƙara kirana, na ƙara komawa. Wallahi ban taɓa ganin jinya irin wannan ba. Ya kafa mata rumfar zana, yana yanko ɗanyar ciyawa yana sa mata a baki, matarsa na dama dusa. Safe da yamma sai ya tara maƙwabta a juya ta. Duk da haka gefen da take kwanciya ya salluɓe, ƙudaje suka samu wurin zama, tsutsa ta shiga. Numfashinta ya koma nishi. Shi kansa ya rame, idanunsa sun faɗa. Ni kuwa na gaji, gajiyar da ba ta hanya ba ce kaɗai. Na gaji da tsira allura a jikin da na san ba zai tashi ba.

Wata safiya na iske tana cizon ƙasa saboda azaba. Na mayar da sirinji cikin jaka na ce ba zan ƙara ba. Na ce ko ya hau bayana mu je wurin kawun yanzu, ko kada ya sake nemana. Ya shiga bukka ya sako rigarsa ta zuwa kasuwa.

Hanyar ta ci mu. Inda ruwa ya yanke sai mu sauka mu tura babur, taɓo har gwiwa. Muka iske kawun, tsoho siriri mai farin gemu, zaune a kan buzu. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo nono, aka shiga gaisuwa. Ina gida, ina yara, ina ruwa, ina shanu. Da aka zo kan shanu sai na ji mutumin nan ya ce, "Lahiya lau, Kawu." Na ji kamar in kwanta a wurin in yi kuka. Saniya na can tana cizon ƙasa, mu muna nan muna lafiya lau.

Tsohon ne ya cece mu. Ya dubi jakata, ya dubi taɓon ƙafafunmu, ya ce, "Ba a kawo likita gaisuwa. Mi ya samu farar?"

Makiyayin ya juyo ya dube ni. Ni na faɗa, ban rage komai ba, har tsutsar. Tsohon ya tambayi tun yaushe, na gaya masa. Ya rufe ido, sannan ya juya ga ɗan ƙanwarsa.

"Kai, ashe haka kake? Kunyata ka ji, ba ka ji tausai nata ba? Randa na miƙa maka igiyarta, har da wuƙa na ba ka. Tashi mu tahi."

Ya ƙi a bar shi a baya, sai da aka nemo wani babur ya ɗauko shi. Muka isa bayan la'asar, tana nan da rai, da ƙyar. Tsohon ya tsuguna nesa kaɗan ya yi mata irin kiran da yake yi wa shanunsa. Saniyar da ta kwana biyu ba ta ɗaga kai ba ta ɗago, ta kafa ƙafafun gaba tana neman tashi ta je wurinsa, ta faɗi. Ya matso da sauri ya dafa goshinta yana cewa ta kwanta, ya isa. Aka juya ta gabas. Ya zaro wuƙarsa, amma bai yanka ba, ya miƙa wa ɗan ƙanwarsa. Makiyayin ya yi bisimilla ya gama.

Naman ma ba a ci ba, saboda alluran da ke jikinta da yadda ta lalace. Rami aka haƙa. Kafin a gama rufewa makiyayin ya jawo karsana mafi kyau cikin 'ya'yanta ya kawo gaban kawunsa. Tsohon ko kallonta bai yi ba, ya ce a mayar da ita garke, shi bai zo karɓar bashi ba, sallama ya zo yi. Na koma Gwandu jikina kamar an yi mini duka, na kasa cin tuwo.

Abin da na koya shi ne, riƙon amana ba ya nufin ka hana abu tafiya ko ta halin ƙaƙa. Wani lokaci kunyarmu muke jinya, dabba kuma ita ke biya da jikinta, ga shi ba ta da bakin cewa ya isa. Tun daga ranar, duk dabbar da na ga ba za ta tashi ba, kafin in buɗe jaka nakan tambayi wanda ke da ikon cewa a sauƙaƙa mata. In yana nesa, ba na zama. Babur nake tayarwa.